A Hannun Wa Ta Karye?

A unguwar Apo ta Abuja, gidajen da ruwan madatsar Usuma bai isa gare su ba sun dogara ne ga rijiyar burtsatse. Ruwan nan yakan zo da laka da gishirin ƙasa, su riƙa taruwa a jikin 'yar na'urar da ke buɗe ruwa da rufe shi, wadda za mu kira zuciyar famfo. Bayan shekaru sai ta manne, ta ƙi fita.

Gwanin gyara ya san hanya. Zai datse ruwan gidan, ya kwance notin da ke riƙe da ita, ya jiƙa ta da ruwan lemon tsami, ya dakata, sannan ya riƙa girgiza ta da filaya sannu-sannu. Duk da haka wani lokaci takan karye, har ta ɓata famfon.

To, in a gidan haya ne, wa zai biya? Malaman fiƙihun Malikiyya sun ɗauki ɗan haya a matsayin amintacce, ba a ɗora masa lamuni sai ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. A ganinmu sakacin na waɗanda suka gabace shi ne: sun ji ɗigon ruwa dare da rana, suka ƙara matse kan famfo, wa'adinsu ya cika, suka kwashe kayansu. Shi kaɗai ya yi niyyar gyara. Sai dai mai gida bai san inda waɗancan suka koma ba, kuɗin ajiyar wannan kuwa suna hannunsa.