Bel ɗin da ba ya kuka

A Babban Giji akwai wani tsohon ma'aikacin gwamnati da 'yan unguwa ke kira Alhaji, mai wata farar Peugeot 406 haɗin Kaduna. A hannun wani ya saye ta tun yana aiki, kuma yana ji da ita ainun. Kullum da safe sai an goge ta, baƙin mai ba ya wuce lokacinsa, taya ko ɗan suɗewa ta fara sai ya sauya. Duk abin da ido ke gani, Alhaji ba ya wasa da shi.

Ran wata Asabar ya kai ta juye garejin wani dattijon bakanike a Gyadi-Gyadi, can wajen Court Road. Yaron garejin ne ya fara lura da danshin mai a jikin baƙin murfin roba da ke gefen injin, ya taɓo ogansa. Dattijon ya kwance notuna, ya ɗage murfin, ya haska da fitilar waya, ya jima bai ce uffan ba.

"Alhaji, yaushe rabon da a canza taimin bel?"

"Ai bara aka canza. Ga shi nan sabo fil."

"Wannan fambel ne, ranka ya daɗe. Shi a waje yake, in ya gaji yakan yi ƙara, in ya tsinke batir ya daina caji. Na ciki nake nufi."

Ya jawo Alhaji kusa. Bel ne mai haƙora, ya haɗa ƙarfen ƙasa da fistin ke juyawa da na sama mai buɗe bawul, na ƙasa ya zaga sau biyu, na sama sau ɗaya. A irin wannan injin, in ji shi, fistin da bawul kishiyoyi ne masu ɗakin girki guda: kowa da lokacin shigarta, bel ɗin ne mai raba musu kwana. Ranar da ya saki, sai a yi karo.

Sannan ya nuna masa abin da ya gani. Bayan bel ɗin ya yi ƙyalli saboda tsufa. A gindin haƙoran ga ƙananan tsage-tsage reras. Gefe guda ya jiƙe da man da ke tsatsowa daga wani sil da ya mutu, mai kuwa cin roba yake. Da aka tayar da motar, ya ɗora bakin sukundireba a kan notin tenshona mai ɗame bel ɗin, ya kara ƙotar a kunnen Alhaji, sai ga wani ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa.

"Amma motar nan ko tari ba ta yi," in ji Alhaji.

"Ba za ta yi ba. Shi wannan da lissafi ake canza shi, ba da jin jiki ba. Ni dokata kilomita 100,000 ko shekara 5, duk wanda ya riga, balle da zafin Kano da ƙurarta. Kai kuwa a hannu ka saya, ba ka san abin da mitar nan ta ɓoye ba."

Da aka zo maganar kuɗi sai fuskar Alhaji ta canza, don dattijon ya ce a haɗa da tenshona da sil da famfon ruwa, tunda bel ɗin ne ke juya famfon, kuma kwancewar ɗaya ce. Alhaji ya ga kamar an ga mai fansho za a yi masa wayo. Ni dai ban ga laifinsa ƙwarai ba. Wanda aka taɓa wanke masa tsohon kaya da fetur aka ce sabo ne, dole ya riƙa ɗar-ɗar. Inda ya kuskure shi ne, da ya tashi neman bakin wani, mai daɗin baki ya nema. Ya sami wani matashi a gefen titi, wanda ko sifana bai ɗauka ba, ya taka totur sau biyu ya ce, "Baba, injin nan yau zai kai ka Maiduguri." Alhaji ya ba shi na goro, ya koma gida da farin ciki.

Bai kai Maiduguri ba. Bayan 'yan makonni, yana hanyar ɗaurin aure a Kura, a cunkoson Dangi, ya saki kuloci zai tashi sai motar ta mutu ɗif. Ya murza makulli, injin ya juya da sauri, sakayau, ba nauyi. Samari suka ce batir ne, a tura. Aka tura, aka sake turawa, Alhaji na ciki yana sakin kuloci, babbar riga ta jiƙe sharkaf. Kowace turawa ƙara ɓarna take a ciki. Daga ƙarshe da igiya aka ja ta zuwa Gyadi-Gyadi.

Dattijon bai yi masa gori ba. Ya sa aka ba shi benci da ruwan sanyi, ya buɗe murfin. Bel ɗin ma bai tsinke ba, haƙoransa ne suka zube wajen tsawon tafin hannu. Da aka sauke kan injin, ya zaro bawul ɗaya ya gara shi a gefen tebur, yana tafiya yana ɗingishi. Fiye da rabin bawul goma sha shida na injin sun lanƙwashe.

"Tsautsayi ne," in ji Alhaji a sanyaye. "Ba ya wuce ranarsa."

"Haka ne, Alhaji. Sai dai wannan ya aiko da ɗan aike, ta hannun yaron nan ma, aka ce ya dawo gobe."

Sai da aka je Ƙofar Ruwa neman kan inji na Beljiyam. Kuɗin ya ninka na farko sau da yawa, motar ta yi mako biyu a gareji, Alhaji na hawan adaidaita sahu zuwa karɓar magani. Ranar da aka gama, dattijon ya miƙa wa yaron farin fenti, ya rubuta kwanan wata da abin da mita ke nunawa a jikin murfin, da manyan baƙaƙe.

Alhaji ya biya bai nemi ragi ba, ya ƙara wa yaron wani abu a asirce. Har ya shiga mota sai ya leƙo.

"Malam, Corolla ɗin ɗana fa, ƙirar 2008? Gobe in turo shi a canza nasa?"

"Ita sarƙa gare ta, ba bel ba. Ka bar kuɗinka. Ka dai ce masa ya daina wasa da juyen baƙin mai."