Ka Buɗe Bakinka a Alƙahira, Malam

Kai malamin Islamiyya da ka ajiye alli, kai tela da ka bar wa ƙanenka keke da shago, ke ma'aikaciyar asibiti da kika ɗauki hutu babu albashi, duk wanda ya tara gumin shekaru ya sauka Alƙahira neman Larabci, da ku nake. Makon farko ba ya yi wa kowa daɗi. Mutum ya zo da Ajurumiyya a ka, wataƙila har da rabin Alfiyya, ya shiga ƙaramar motar haya a Hayyul Ashir, ya jero wa direba jimla da i'irabinta cif-cif, sai direba ya waigo ya dube shi, 'yan mota su tuntsire da dariya. A mayar masa da amsa kuma ya kasa tsintar ko kalma biyu. Da dare ya kwanta yana lissafin kuɗin jirgin komawa.

Kada ka ɗaure kaya, Malam. Karatunka na gida bai tashi a banza ba. Harshe ɗaya ka zo nema ka tarar da biyu: fusaha a aji da kan mumbari da cikin littafi, ammiyya a bakin mai sayar da ful (dafaffen wake) da mai gidan haya da ɗan sanda. Akwai ɗalibai masu raina ta biyun, wai Larabcin titi ne. A ganina wannan girman kai ne mai tsada. Su ne za ka gani sun kama ɗaki su shida, duk 'yan gida, a tuƙa tuwo a yi hirar siyasar Kano har tsakar dare, shekara huɗu ta wuce a koma da shahada a jaka da baki a kulle. Tuwon ba laifi ba ne, ni ma ba na ƙinsa. Amma ba shi ya kawo ka ba.

Ku masu sana'a kun fi kowa sanin yadda ake koyo. Wane tela ne bai ɓata yadi ba kafin wuyan rigarsa ya zauna? Haka baki yake, sai ya ɓata jimla ɗari kafin ɗaya ta fito daidai. Yaron da ya zo daga sakandare kunya ke cinsa in an yi masa dariya. Kai kuwa maigida ya sha yi maka tsawa a gaban masu sayayya, kuma washegari ka dawo aiki. Wannan taurin rai shi ne jarinka, ya fi kaifin haddar yara.

Ba kai ne farau ba. An aza tubalin masallacin Azhar a 970, aka fara salla a cikinsa a 972, kuma tun ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem suka samar wa ɗalibai da alhazansu masauki a wannan birni. Daga baya Azhar ta keɓe wa mutanen Barno ruwaƙi nasu, inda suke kwana suna karatu. Waɗannan bayin Allah Sahara suka ratso a kan raƙumi da ƙafa, wata da watanni. Kai awoyi kaɗan ka yi a sama, da waya a aljihu kana ganin fuskar 'ya'yanka kullum.

Ban ce babu wuya ba. Layin sabunta iƙama a Abbasiyya kan cinye yini guda, a ce ka dawo da wata takarda. Sanyin Janairu yana ratsa ƙashi a ɗakin da babu abin ɗumama shi, ga ruwan alwalar asuba kamar ƙanƙara. Wani lokaci yaro a titi ya jefe ka da magana saboda launin fatarka, ka haɗiye ka wuce. Ga kuɗi: tun da aka saki naira a Yunin 2023 abin da ake turowa daga gida ya ƙanƙance, fam ɗin Masar ma ya faɗi a Maris ɗin 2024, daga wajen 31 a dala zuwa kusan 50, haya da cefane suka yi sama. Wanda ya samu gado a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙetare na Azhar, ya gode Allah. Sauran kuwa koshari ne rufin asirinsu: shinkafa da taliya da adas, miyar tumatir da soyayyar albasa a kai, kwano ɗaya ya kai mutum magariba. To ko a wurin mai kosharin akwai darasi. Kada ka nuna da yatsa. Faɗi abin da kake so da baki, ka tambayi canjinka, in ya gyara maka ka maimaita a gabansa.

Wannan bakin fa abin cin abinci ne. Dubi yawan mutanenmu da ke zuwa Masar neman magani. Tsoho ya zo da ciwon ƙoda, likita na magana, shi da ɗansa sai kallo. Ɗalibin da ya iya tsayawa tsakaninsu ya fassara ciwo daga Hausa zuwa Larabci, ya mayar da umarnin likita ba ragi ba ƙari, ya yi aikin lada kuma ya samu na haya. 'Yar'uwa, ke ma ana nemanki a nan, don akwai abin da mace ba za ta faɗa wa tafinta namiji ba. Haka ɗan kasuwar da ya zo sarin kaya a Ataba yake neman mai baki. Gida kuma makarantu na jiran malamin da zai koyar da Larabci da Larabci.

Don haka ka shiga jarrabawar tantance mataki ba tare da fargaba ba, in an mayar da kai ajin farko da furfurarka ka zauna a sahun gaba. Bayan azahar ka tsaya halƙar karatu a masallacin Azhar, ka daure ka yi tambaya ko murya na rawa. Ka zaga Darbul Atrak ta bayan masallaci, ka sa masu sayar da littafi surutu. In Janairu ta zo, bajekolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969, zai buɗe. Je ka kai kaɗai, ba tare da wani ɗan gida mai yi maka tafinta ba, kuma kada ka biya kuɗin farko da aka yanka maka.