Rile da Tambayar Sababi

Idan aka sauya wa tsohuwar akori-kura inji mai injekta, famfon fetur na lantarki yakan ja wutar da ta fi ƙarfin makulli, shi ya sa ake sanya rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa: idan ta ratsa ƙafa ta 85 da 86, maganaɗisu ya haɗa 30 da 87, sai wutar batir ta isa famfo. Wannan jeri yana tayar da tsohuwar tambayar sababi, wato abin da ke haifar da wani. Al-Ghazali yana ganin biyowar abu bayan abu al'ada ce da Allah ya gudanar, Ibnu Rushdi kuwa yana ganin musun sababi na rushe ilimi, kuma bakanike mai bin waya yana neman inda wuta ta yanke ya fi kusa da matsayin Ibnu Rushdi.