Tantanin Saniya a Ƙirjin Ɗan Adam

Ranar da likita a Kano ya ce wa 'yar yayata ƙyauren zuciyarta ya lalace, ciwon maƙogwaron da ta yi tana yarinya ne sila, na dawo Yashe jikina a sanyaye. Zaɓi biyu ya ba ta: ƙyauren ƙarfe mai dogon kwana, amma da shan warfarin har mutuwa, ko na tantanin zuciyar saniya, wanda kan kai shekara 10 zuwa 15 kafin ya ƙandare.

Washegari na je wurin mahaucin unguwarmu, na ce, "Baba, nuna mini tantanin zuciya." Ya miƙo mini, siriri, da santsi. Na ja iya ƙarfina, ya ƙi yagewa. Irinsa ake jiƙawa a sinadarin glutaraldehyde, dabarar likitan Faransa Alain Carpentier, kusan yadda majema ke jeme fata. Sai a yi ƙyauren da shi, ya riƙa buɗewa yana rufewa kimanin sau 100,000 kowace rana.

Abin da ya hana yayata barci shi ne: wa ya yanka saniyar a can Turai? Idan mushe ce fa, ko ma na alade aka sa? A mazhabarmu ta Malikiyya jima ba ta gama tsarkake fatar mushe. Amma ni a ganina larura ce ƙarara, kuma abin da ke ɓoye cikin jiki ba ya ɓata salla. Ai jini ma a ciki yake. Malaminmu ya yarda da na saniya nan take. Kan na alade ya ɗan yi shiru, ya ce sai in babu wani.