Haƙuri Ne, Ko Kuwa Kunya?

'Yan'uwa ɗalibai, tambayar nan daga gidanmu na ɗauko ta. Yayata ta haihu lafiya, aka yi suna, ta gama wankan jego, ta yi arba'in ta koma ɗakinta. Wata 7 bayan haka ba ta iya juyi a kan gado sai ta cije leɓe, in za ta ɗaura zane ko ta hau matakala sai ta dafa bango. Da ta yi wa Goggo zancen, sai Goggo ta ce, "Ke dai yi haƙuri, 'yar nan, mu ma duk haka muka yi." Daga ranar ba ta sāke faɗa wa kowa ba, kuma gida duka ana yabonta da dauriya. To, shirun nan nata haƙuri ne da ya cancanci yabo, ko kuwa wani abu ne muka laƙaba wa sunan haƙuri?

A shekarar 1974 Kirk-Greene ya buga ɗan littafinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa halaye goma, haƙuri da kunya suna ciki. Ba na jayayya da ko ɗaya daga cikinsu. Amma a ganina kowane hali yana da muhallinsa. Haƙuri na abin da ba shi da makawa ne, watau kamar mutuwa ko fari. Wanda ƙaya ta soke shi ga allura a kusa, ya ƙi cirewa, ba wanda zai kira shi mai haƙuri. Annabi Ayuba ma, wanda da shi ake buga misali, ai ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kuma bai fita daga sahun masu haƙuri ba.

Saboda haka sai mu duba ko ciwon nan yana da makawa. Ƙasusuwan ƙugu sun haɗu ta gaba a ƙasan mara, da guringuntsi a tsakaninsu, sa'an nan ta baya sun haɗu da ƙashin kwankwaso. Lokacin goyon ciki jijiyoyin da ke ɗaure su sukan saki don a sami hanyar haihuwa. Ga yawancin mata komai yakan koma daidai cikin 'yan watanni, amma ga wasu mahaɗar takan ci gaba da ciwo, wani lokaci ma ta buɗe fiye da santimita 1. Wata kuma tsokar ƙasan ƙugu ce ta yage ko ta ɗaure, wata tabon ɗinki ne, wata ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifa, wadda alamarta zazzaɓi da ruwa mai wari, kuma ita wannan ba ta jiran gobe. Kowanne da maganinsa: ɗamarar riƙe ƙugu, motsa jiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, atisayen matse tsoka irin wanda likita Kegel ya bayyana a 1948 ga wadda tsokarta ta yi rauni, da maganin zafi kamar farasitamol wanda mai shayarwa za ta iya sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a duba mai jego a mako na 6, wanda kusan shi ne arba'in ɗinmu.

Wani zai ce tsofaffi ba su yi ƙarya ba, dauriya ta raini al'umma a lokacin da babu asibiti. Gaskiya ne, kuma ban ga laifin Goggo ba, domin abin da aka ba ta shi ta miƙa. Sai dai zamaninta babu allurar cire ƙayar, yanzu kuwa akwai.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke cin ribar shirun. In mace ta yi shiru, miji bai biya kuɗin mota ba, tuwo bai makara ba, kuma babu wanda aka sa jin zancen da ke ba shi kunya, domin ciwon a wurin da ba a ambata yake. Ashe ke nan kunyar tamu ce, mu masu saurare, ita kuwa aka bar ta da ɗaukar nauyinta, muka biya ta da kirarin mai haƙuri. Ni kaina na ga tana dafa bango wata da watanni ban tambaya ba, wai don ƙane ba ya yi wa yayarsa irin wannan magana.

Ranar da na daure na ce, "Yaya, ko mu je asibiti?" sai ta dube ni ta ce, "Da ma jira nake wani ya ce haka." Aka ba ta ɗamara, aka koya mata kwanciya da matashi tsakanin gwiwoyi, aka hana ta ɗaukar bokitin ruwa da saɓa yaro a gefe ɗaya. Bokitin nan kuwa sai da aka kwana uku ana shawarar wanda zai riƙa ɗauka.