A Kan Wa Za A Koyi Aski?

A shekarar 1893 wani mutum mai suna A. B. Moler ya buɗe makarantar koyon aski a birnin Shikago, cikin ƙasar Amurka. Tun daga nan irin waɗannan makarantu suka yaɗu. A jihohi da yawa na ƙasar ba a ba mutum takardar izinin aski sai ya yi awa 1,000 ko 1,500 yana koyo, sa'an nan ya ci jarrabawa.

Da fari a kan kai na roba mai gashi a ke koya wa ɗalibi. Amma kan roba ba ya motsi, ba ya jin zafi, ba ya kuma yin ƙorafi. Saboda haka tilas wata rana a nemi kan mutum. Sai makaranta ta buɗe ƙofa, kowa ya zo a yi masa aski da araha. Askin da gwani zai gama nan da nan, ɗan koyo sai ya kusa cinye awa guda, hannu na rawa, malami na zuwa yana dubawa. Wani ya fita yana murna, wani ya fita yana neman hula.

To, ga abin tambaya. Mai hali ba safai ya kan je can ba, yawanci mai neman sauƙi ne ke zuwa. Shin adalci ne a mai da kan talaka allon ɗan koyo, in ya ƙware kuma ya koma yana aske mawadata?

Mu dubi namu. Ɗan wanzami ya kan daɗe yana ɗaukar wa ubansa zabira, yana wasa aska, yana jiƙa gashi. Duk da haka akwai ranar da ya fara ɗora aska a kan wani. Sarkin Aska ma da kansa ta nan ya biyo. In kowa ya hana kansa, ran da tsofaffin wanzamai suka ƙare, wa zai yi mana aski? Ashe wanda ya zauna gaban ɗan koyo ya biya wa jama'a wani bashi ne.

Amma fa bashin ba ya halatta sai da sharaɗi uku. Na fari, a gaya wa mutum gaskiya, ya san ɗan koyo ne, ya zauna da yardarsa. Na biyu, a rage masa kuɗi, don ya riga ya biya da lokacinsa da haƙurinsa. Na uku, gwani ya tsaya kusa, ya karɓi aska kafin ɓarna ta yi nisa. In an rasa ɗaya, koyo ya zama zalunci.

Akwai kuma iyaka. Gashi in an ɓata shi, cikin 'yan makonni ya tsiro. Amma askar da ta taɓa jinin wani, aka ɗora wa wani ba a tsabtace ta ba, tana iya ɗaukar ciwon hanta, wannan kuwa ba hula da za ta rufe shi. Kuskuren da ke gyaruwa a kan yafe wa ɗan koyo. Sakaci da lafiyar mutum ba ya shiga cikin rangwame, kome arahar askin.

Ku da kuka fita ajin yaƙi da jahilci kun san wannan. Ranar da kuka fara rubuta wa maƙwabci wasiƙa, layi ya karkace, amma ya karɓa ya gode. Kanku ke nan na fari. Mutane sun ce wanzami ba ya son jarfa, watau mai yi wa wasu ba ya so a yi masa. Kada mu zama haka. In yaro ya zo da hannu mai rawa, mu zauna masa. Shi kuwa in ya ƙware, kada ya manta da kan da ya koya a kai.

Allah ya ba mu haƙuri da masu koyo, amin.