Fasali a kan Mudun Kyau da Wanda Ke Riƙe da Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙagi ɗan Adam, ya daidaita surarsa, ya sanya saɓanin launuka da harsuna cikin ayoyinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da matansa iyayen muminai.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa mai karatu, sababin wanga fasali abu ne da idona ya gani a wani gidan suna na danginmu nan Illela. Na shiga cikin gida in yi ma mata barka, sai na iske gwaggona, tsohuwa Bagobira, zaune bisa tabarma tare da jikarta budurwa wadda anka sa ma ranar aure. Yarinyar ta dubi tsagar da ke kumatun tsohuwa, ta ce cikin wasan jika da kaka: "Kaka, wa ya ɓata miki fuska haka?" Tsohuwa ta ce: "Wagga fuska ita ta hana kakanki barci." Sa'an nan ta kama hannun yarinyar ta juya shi, sai ga fata ta yi ja, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin. Ta ce: "Ke fa, ɗiyata, wa ya ɓata miki hannu?" Ba wanda ya yi dariya. Na fito ina tambayar raina: shin kyau abu ne tabbatacce, ko kuwa mudu ne da kowane zamani ke sassaƙa nasa? In mudu ne, a hannun wa yake?

Mas'ala ta farko: yadda mudun ya sauya

Zamanin kakanninmu, macen da anka kira kyakkyawa ita ce mai cikar jiki, mai dogon wuya, mai wushirya, wadda ta rina haƙoranta da fure da goro har sunka yi ja. Ta ɗaura saƙi ko baƙin turkuɗi irin na Kura, shunin ya zuba a fatarta, ana ganin wannan shi ne alamar wadata. Ta yi doka a kai, ta ja katambiri a fuska, ta sa kwalli da lalle, ga jigida da murjani da munduwa. Tsaga kuwa ado ce kuma shaidar asali, da ita ake gane Bagobira da Bakabiya da Ba'ara tun ba su buɗe baki ba.

Sai atamfa ta zo ta ture saƙi. Anka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, yadi ya yi araha, masaƙan ƙauye sunka fara naɗe zarensu. Da kuɗin man fetur sunka shigo, wajen 1975, sai holandis ta ƙasar Holan da leshi da shadda sunka zama ma'aunin lefe. Hukuma ta hana shigowa da atamfar waje cikin waɗannan shekaru, amma ta riƙa biyowa daga Kwatano ta ƙasar Nijar tana ƙetarowa ta Ƙonni, mutanen wanga gari shaidu ne. Jan haƙori ya koma ƙauyanci, farin haƙori ya zama ado. Hoda da jambaki sunka maye gurbin katambiri.

Daga shekarun 1980 makarantun Islamiyya sunka yawaita, hijabi ya fara ture gyale, bayan shekara ta 2000 kuwa, da anka kafa shari'a a jihar Sakkwato da maƙwabtanta, ya game birni da ƙauye. Cikin wannan lokaci kuma finafinan Indiya da na Kano sunka shiga ɗakuna, daga baya wayar hannu ta shiga aljihu. Mudun ya koma farar fata da dogon hanci da sulɓin gashi. An rufe wagga iyaka tamu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, anka tsai da motocin kaya, amma ba a tsai da hoto ko ɗaya ba. Yarinya a Illela tana auna fuskarta da ta wata a Dubai, ba ta sani ba ita ma waccan na'ura ce ta goge mata fuska.

To, duba. Cikin rayuwar tsohuwa guda mudu ya sauya sau uku. Abin da anka yi ma kirari jiya shi ake ma dariya yau. Hausawa sun ce zamani riga ne. Mai hankali ya san rigar yau ma za a tuɓe ta.

Mas'ala ta biyu: kada a tsarkake jiya

Wani dattijo zai ce: da mun koma ga adon kakanni da mun huta. Ni ban ce haka ba. Tsaga aska ce bisa fuskar jaririn da ba a shawarce shi ba, kuma Shari'a ba ta yarda da ita ba tun kafin dokar haƙƙin yara ta Tarayya ta 2003 ta hana ta. Kwallin dutse da ake sa ma jarirai, masana sun tabbatar da yawansa akwai darma a ciki, darma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A wasu sassan Nijar an san al'adar ɗura ma yarinya abinci har ta ƙi, don ta yi ƙiba ta sami miji. Ashe kowane zamani yana da adon da ke zama bisa jiki da adon da ke cin jiki. Rabon da ya kamata mu yi ke nan, ba rabon tsoho da sabo ba.

Adon da ke zama bisa jiki shi ne wanda ruwa ke wankewa ko hannu ke tuɓewa: lalle, kitso, turare, zane, zobe. Wannan halal ne cikin iyakarsa, har abin so ne ga mace a ɗakinta, don addini bai zo da ƙazanta ba. In yayinsa ya wuce, mai shi ta ajiye shi ta ɗauki wani, ba ta yi asarar kome ba sai kuɗi.

Adon da ke cin jiki kuwa shi ne wanda ake biya da abin da ba a saye a kasuwa. Man bilicin, wasu akwai zaiba a ciki, wasu akwai magungunan da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Suna kashe baƙin da Allah ya sanya garkuwa tsakanin fata da rana, a ƙasar da zafinta ke wuce digiri 40 da bazara. Fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, zaiba ta gangara ga ƙoda, ta kai ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Har hukumar NAFDAC ta yi shela a 2023 cewa lamarin ya zama abin gaggawa a ƙasa. Haka ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe: kumburi take kawowa ana zaton ƙiba ce, tana tayar da sukari da hawan jini, tana raunana ƙashi. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Jiki amana ne, aro anka ba mu. Wanda ya ari riga ba ya yanke hannunta don yayi ya ce a yanke.

Mas'ala ta uku: a hannun wa mudun yake

Nan ne maganar ta yi nauyi, don mun saba in an hau mumbari a ɗora laifin duka bisa mata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wa ya ce ma mai dalilin aure a samo mashi fara ko mayya ce? Wa ya auro baƙar mace mai haƙuri, ta haifa mashi 'ya'ya shida, sa'an nan ya zauna gabanta yana yabon hasken wata? Wace uwa ce ta ce ma ɗiyarta ta gyara kafin kishiya ta shigo? Wane ɗan kasuwa ne ya jera kwalabe a rumfarsa, ya san abin da ke ciki, bai kuwa yarda ɗiyarsa ta shafa ba? Yarinyar nan ta gidan suna ba wawta ta yi ba. Ta saurari abin da garinta ke yabo, ta lissafa, ta biya. Mu munka sassaƙa mudun, ita ta faɗa ciki. In za a yi hisabi, mai riƙe da mudu yana gaban wadda anka auna.

Wani zai ce: ai zuciya ba a yi mata dole, mutum yana son abin da idonsa ya so. Gaskiya ne, kyau ni'ima ce, kuma an halatta ma mai neman aure ya duba. Amma ido ɗalibi ne, abin da anka biya mashi shi yake haddacewa. Idon kakanka ya so jan haƙori, naka ya ƙi shi, alhali jini ɗaya ne. Tun da an koya mashi wancan, ana iya koya mashi wani.

Muna da misali a gida. Shehu Usmanu, wanda anka haifa a Maratta, can ƙetaren iyaka, a 1754, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tara mata 'yan taru, ta naɗa masu jajoji, ta ba kowace jaji malfa da jan rawani. Malfar nan a da alamar Innar Gobir ce, shugabar bori. Nana ba ta ƙone malfa ba, ta sauya abin da take nufi, har ya zama in matan ƙauye sunka hango ta sun san ilimi ne ya taho. Ga ado da ya ɗaukaka mai shi bai ci naman jikinta ba. Mace guda ta sauya abin da idon ƙasa ke girmamawa, ashe mudun yana karɓar gyara.

Kammalawa

Ya ke ɗiyata, kafin ki ɗauki wani ado ki tambaye shi abu biyu: in yayinka ya wuce, kana fita? In jikata ta gan ka a jikina, me zan ce mata? Ya kai ɗan'uwana, ka tsare harshenka gaban 'ya'yanka mata, don abin da ka yaba shi za su nema, ko da fatarsu za su biya. Ka yabi baƙarsu da fararsu da sunan wanda ya rina su, ka yabi karatunsu da sana'arsu a inda suke ji. Yarinyar nan an ɗaura aurenta, ta bar man, fuskarta na komawa sannu a hankali, amma tabon hannu yana nan. Gwaggona ta ce mata kada ta ɓoye shi, ta nuna ma ƙannenta.

Allah shi kyautata halayenmu kamar yadda ya kyautata halittarmu, shi gafarta ma wanda ya rubuta da wanda ya kwafa da wanda ya karanta. Tammat bi hamdillahi.